Dutsen da Baba Ya Tsinta a Gona

Baba ya tsince shi a gonarmu ta hanyar Tabla, shekarar da aka sa ni lakkol, wato makarantar boko. Yana noman fari hauyarsa ta bugi wani dutse baƙi wuluk, kamar an gasa shi. Bai wuce dunƙulen hannu ba, amma nauyinsa ya fi girmansa. Ƙasarmu rairayi ce, ba mu saba ganin irinsa ba.

Kakata ta ce gatarin aradu ne. Maƙwabcinmu, wani tsoho ɗan bori, ya jujjuya shi ya ce a'a, gatarin aradu yana da baki, wannan kuwa bai san mai shi ba. Baba ya aje shi a gindin rumbu. Inna ta so ta yi murhu da shi, ya hana.

Sai da na kai lise, babbar sakandare, a Filinge na ɓalli ɗan gefensa na kai wa malaminmu na kimiyya. Ya kara masa maganaɗisu, ya kama. Ya daɗe yana duba shi da gilashi. Daga baya ya ce daga sama ya faɗo, kuma sunansa kondirit. Asalin kalmar ƙwayar hatsi take nufi, saboda 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa.

Da na koma hutu, idanun Baba sun riga sun yi rauni. Na same shi da hantsi yana tufkar igiya, na gaya masa abin da malam ya ce. Ya sa na maimaita sunan har sau uku, harshensa ya ƙi, ya yi dariya. Sai ya karɓi dutsen yana shafa wurin da na ɓalla da babban yatsa.

"Ɗiyata, ga ƙwayoyin kuwa, ina jin su. Wanda ya raɗa mishi suna manomi na."

Na ce malam yana roƙo a ara masa shi ya nuna wa ɗalibai. Na zaci zai ƙi. Ya ce ba aro ba, kyauta, amma shi zai kai da kansa.

Da hutu ya ƙare, ranar kasuwa muka hau amalanken jaki, dutsen na naɗe cikin rawaninsa. Malam ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya tsaya bakin ƙofar aji riƙe da sandarsa, yana sauraren yadda dutsen ke wucewa hannu zuwa hannu, yana tambayata a hankali wa ya karɓa yanzu.