Ba Wutar Walda Ce Ta Kayar da Ni Ba

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko na bar gari ne, ina nan Fagge. Jinya ce ta ɓoye ni.

Ranar da na fara faɗuwa, ina waldar wata ƙofa ne. Ƙirjina ya hau bugawa kamar injin markaɗe, idona ya yi duhu. Da na farfaɗo, kowa cewa yake wuta ce ta ja ni. Aka fasa gwangwanin madara aka ɗura min, yadda muka saba yi wa wanda wuta ta ja. Na canja waya, na koma aiki.

Faɗuwa ta biyu a Sabon Gari ce, wajen sayen ƙarfe, babu waya ko ɗaya kusa da ni. Oga Emeka mai ƙarfen ne ya saka ni a adaidaita, yana ta cewa, "Malam Sani, kar ka rufe ido!"

A asibiti sai da suka buga min lantarki a ƙirji kafin bugun ya daidaita.

Bayan gwaji da hoto, likita ta ce zuciya ma da tata wutar. "Akwai tabo a ɗakin ƙasa na zuciyarka. Maimakon wutar ta wuce sau ɗaya, sai ta riƙa zagaya tabon. Zuciyar ta yi ta bugu da sauri, ba ta samun cika da jini."

Na ce to a cire tabon mana. Ta ce ba ya fita.

Aka dasa min 'yar na'ura ƙarƙashin fata, mai girgiza zuciyar idan ta rikice. Filin gadonmu ne ya tafi a kanta. Sau ɗaya ta buge ni, ina alwala, kamar harbin jaki. Tun ranar nake tsoron ƙirjina.

Walda kuwa an hana ni, saboda wutarta na rikita na'urar. Sana'ar da na iya ke nan tun ina yaro. Uwargida takan ce, "Baban Amina, ai kana da rai." Gaskiya ne, amma wallahi ban san me zan yi da hannuwan nan ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Oga Emeka da duk wanda ya zo dubiya.

Don Allah, in mutum ya yanke jiki ya faɗi, ku ajiye madara, ku kai shi a auna zuciyarsa.

Ƙofar nan har yau tana jingine a shago, rabi a haɗe. Jiya mai ita ya tambaye ni wa zan tura shi wajensa.