Laka Mai Wari da Laka Maras Wari

Ku saurara in ba ku labarin lakar tabkinmu, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

Tabkin yana gabas da gari, ƙarƙashin duwatsun Keita. Idan ruwa ya ja baya bayan damana, kowace mace tana da gurbinta inda take shuka wake da dankali cikin danshi. Nawa na gada wurin uwar mijina, kusa da mashigi, inda mata ke wanki, inda masu albasa ke ɗauraye pompon feshin maganin ƙwari. Na daɗe ina alfahari da shi. Lakarsa fara-fara, ba wari, ba matsattsaku, ko kwaɗo ba ya kuka a can. Sai dai shekarun nan wake ya ƙi. Ya tsiro, ya yi ja, ya kwanta. Kuma da waken nan nake miyar rani.

Jikata, ɗiyar ɗana na fari, tana karatu a babbar lakkwal, wato jami'a, a Tahoua. Bara ta zo da ƴan ƙananan kwalabe da akwatin ƙanƙara, ta naɗe zane ta shiga taɓo har gwiwa. Ta ɗiba a gurbina, ta ɗiba can arewa inda shanu ke sha, inda laka baƙa ce, mai wari.

Na ce, “Ke, abin da anka aike ki koyo ke nan, wasan taɓo?”

Ta ce, “Kaka, ke dai riƙe mini murfi, kar ki sa yatsa ciki.”

Da ta komo hutu sai ta zauna bakin tabarmata ta ce wai cikin laka akwai halittu da ido ba ya gani, iri-iri, su ke cin ruɓaɓɓen ganye su mai da shi abincin ƙasa. Wai ta arewa cike take da su, lafiyarta lau. Tawa kuwa ƴan iri kaɗan sunka rage.

Na ce, “Tsaya. Ba su ne mutanen likita ke ce mana mu kashe ba? Mu tafasa ruwa, mu ɗiga masa maganin nan, zabel?”

“Waɗancan daban, Kaka.”

“Kama daban gare su?”

“Wasu kamarsu ɗaya.”

“To, wa ke rarrabe su?”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Ashe wuri yana yin tsabta har ya mutu? Na tambaye ta ko in bar gurbin. Ta ce ita aunawa ta sani, shawara sai malaminsu. Arewa kuwa babu gurbi ko na shimfiɗa buzu, kowane da mai shi.

Da ruwa ya ja bana, na tuna yadda muke zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara don ta kama. Na ɗauki ƙwarya, na yi ta jido baƙar laka daga arewa ina zubawa a gurbina, mata na toshe hanci suna cewa tsufa ya taɓa ni. Jikata ta ce cikin waya ba ta san ko zai yi ba, muddin ana wanke pompo a wurin.

Na shuka dai. Waken ya fito, ganye huɗu-huɗu. Kullum da hantsi nakan duƙa in shinshina ƙasar, ban san ko wari nake roƙon Allah ya ba ni ba.