Jar Shinkafa a Goshi

Juma'a ce, ranar hutunmu. Na ɗora ruwan shayi, Sabita tana guga. Sauran 'yan ɗakinmu a unguwar Satwa, nan ƙasar Larabawa, duk sun fita. Sabita 'yar Nepal ce, otal ɗaya muke gyaran ɗakuna. Kaɗaici ne ya sa ta fara bina coci. Bayan shekara aka yi mata baftisma tare da wasu 'yan ƙasarsu da 'yan Indiya. Ba ta gaya wa kowa a gida ba.

A satin nan dangin Sabita suke babban bikinsu na Hindu. Babba a gida yakan kwaɓa shinkafa da jan gari, ya manna wa na ƙasa da shi a goshi, ya sa musu albarka. Yayanta Bikas mai gadi ne a Sharja, garin da ke kusa da mu. Ya kira ta, ta ce aiki ya riƙe ta. Sai ya zo da kansa.

Wajen ƙarfe goma aka ƙwanƙwasa. Ni na buɗe. Shi ne da maza biyu, da faranti a hannu, yana murmushi. Ya ɗebo shinkafar ya miƙo hannu. Sabita ta kau da kai. Ta yi magana da yarensu a hankali. Sunan Yesu kaɗai na gane.

Farantin ya faɗi. Har yau ina jin ƙararsa a kan tayil. Ya kama gashinta ya buga kanta da ƙarfen gado. Na shiga tsakani, ɗaya daga cikin mazan ya naushe ni a baki. Na ji haƙori a kan harshena.

"Ke ce!" Bikas yake min ihu da Turanci. "Ke kika ɓata ta!"

Ban kira 'yan sanda ba. Bizata ta ƙare, kamfani bai sabunta ba, kuma an sha ja mana kunne a coci kan zancen sauya addini a garin nan. Telan da ke ƙasan benenmu, ɗan Pakistan, ya hauro yana ihu, "Khalas! Khalas!", wato ya isa. Suka juya kansa. Na fizgi Sabita muka bi matakala, ba takalmi. Kwalta na cin ƙafa kamar garwashi.

Tasi ta sauke mu a bakin ruwa. Muka shiga abra, kwale-kwalen da ke ƙetarawa Deira. Mutane na kallon jinin rigata. Muna sauka muka nufi shagon wata da na sani.

Hajiya Binta, Bakanuwa mai aika kaya a unguwar Al Buteen, wadda nake yi wa kitso, tana ganinmu ta saki waya.

"Innalillahi! Rifkatu, wa ya yi miki wannan aika-aika? Ku shige bayan dilolin nan, yalla, maza! Ita ma 'yar cocinku ce? To ba ruwana, baƙuwata ce."

Muna can aka kira sallar Juma'a, aka rufe shaguna. Wayar Sabita ta yi ta ruri. Daga ƙarshe ta ɗauka. Uwarta ce daga Nepal, a bidiyo, riƙe da ɗan Sabita, yaro ɗan ƙarami. Ya miƙo hannu. Aka janye shi, aka kashe.

Sabita ta ce min in ba ta koma gida ta miƙa goshinta ba, za a gaya wa yaron uwarsa ta mutu.

Na riƙe ƙafarta ina kuka. Hajiya ta ce, "'Yar nan, ki bari ƙura ta lafa mana." Sabita ta ari silifas ɗin Hajiya. Da la'asar ta fita.

Ban sake komawa Satwa ba. Na rasa haƙori, na rasa aiki, kayana suna can. Lambar Sabita ta daina shiga tun a satin. Shekara biyu gadona na ƙarƙashin nata, ban taɓa tambayarta sunan ƙauyensu ba.