Ranar Da Na Zuba Sawu Da Dussa

Ko zan manta ranar da na karɓi takardar kama aiki, ba na jin zan manta Asabar ɗin da na yi zomo a dajin Sakajiki. Shekaru sun ja, gwiwoyina sun fara ƙara, amma har yau in akuya ta ɗago kai ta dube ni sai gabana ya faɗi, kafin dariya ta biyo baya.

Muna da ƙungiyar gudu a Ƙauran Namoda, mu kusan ashirin, yawanci malaman makaranta da ma'aikatan sakateriya. In za a faɗi gaskiya, tumbi da hawan jini ne suka tara mu. Kowace Asabar bayan sallar asuba sai mu hau babura zuwa teburin wani mai shayi a kan hanyar Sakajiki, mu jingine su a nan. Wani tsohon hedimasta mai ritaya ne ya kafa abin, duk Baba muke ce masa, kuma ya fi rabinmu ƙarfin numfashi.

Ga yadda muke yi. Kowane mako mutum ɗaya ne zomo. Zai riga kowa tashi da minti goma sha biyar, da buhun toka a kafaɗa, yana zuba ɗan hannu-hannu a hanyar da ya bi. Sauran su ne mafarauta, suna bin tokar nan cikin gonaki, duk wanda ya hango ta ya ɗaga murya ya ce ga sawu. In zomo ya zagayo teburin shayi ba a kama shi ba, ya ci. In kuwa aka kama shi, to zai hau benci, a kifa masa wata tsohuwar malafa mai warin rana, ya sha shayi ba sukari ana yi masa tafi. Wannan zaman shayin shi ne rabin daɗin abin: biredi, soyayyen ƙwai, musun ƙwallo, da tsiyar da ba ta ƙarewa.

Ni ne kullum na ƙarshe. Shekara biyu ina isowa bayan an cinye ƙwai. Da aka ce makon nan ni ne zomo, wani malamin lissafi har ya kakkaɓe malafar ya ce a ajiye min. Na yi murmushi kawai, amma a zuciyata na rantse ba za ta hau kaina ba. Kwana uku ina zana hanya a bayan littafin darasi.

Sai ranar Juma'a da yamma na tuna ban da toka. Gidanmu da gas ake girki. Maiɗakina ta ce in leƙa wajen mai ƙosai ta bakin layinmu in roƙo. Ni kuwa, malamin sakandare, ɗan gidan liman, in tsaya da buhu ina roƙon toka a gaban ɗalibaina? Girman kai ya hana. Idona ya faɗa kan buhun dussar tumakinta, na ga ai ita ma fara ce, za a gan ta a ƙasa. Na cika jaka. Ta dube ni ta ce, "Malam, dussa hwa abinci ta." Na ce mata ta bar wa masu gudu harkar gudu.

Da safe na tashi kamar an harba kibiya, ko dai haka na ji a jikina. An gama girbi, gonaki fili fetal sai kara, iska mai sanyi, raina fes. Na zuba sawun ƙarya zuwa gindin wata tsamiya, na dawo na yanke ta bayan wani ɗan ƙauye ina dariyar mugunta ni kaɗai. Abin da ɗan birni bai lissafa ba shi ne bayan girbi ake sakin dabbobi. Na kuma ratsa wani shingen ƙaya, ashe ya huda jakar, dussa tana zuba a bayana kamar an ja layi.

Ban jima ba na fara jin ƙafafu. Na ce kai, har sun iso? Baba kullum yana cewa zomon da ya waiwaya ya kamu, don haka ban waiwaya ba, na ƙara mai. Sai na ji muryoyi: "Ga shi can! Ku tare shi!" Haka mafarautanmu suke yi in sun hango zomo, sai daɗi ya kama ni. Na tsallake kunya, na tsallake rami, ni da ko matakalar ofis sai na huta. Ina gudu ina ce wa kaina yau za su san ɗan liman ba na wasa ba ne.

Gorar da ta wuce ta gefen kunnena tana kuka ita ta sa na juya. Ba malamin lissafi, ba Baba. Garken awaki ne da tumaki a bayana, sun fi talatin, suna bin dussa a guje. Bayansu kuma maza ne majiya ƙarfi da sanduna, ba wanda ke dariya a cikinsu. Nan take na ga kaina yadda suke ganina: baƙo da jaka, da sassafe, yana gudu da dabbobin mutane zuwa bakin titi. A ƙasarmu kowa ya san sunan wannan satar dabbobi, ya kuma san abin da ake yi wa mai shi kafin a tambaye shi.

Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba. Na yi tunanin in tsaya in yi bayani, amma me zan ce? Ni zomo ne? Hayaƙin mai shayi na hango, sai na ba ƙafa abinta. Na faɗa bayan teburinsa na riƙe masa riga.

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Ya fito da ludayi a hannu ya buɗe hannuwa. "Ku dakata, don Allah. Wanga malami na, ɗan liman na daga Ƙaura. Cikin masu gudun Asabar yake."

Wani dattijo da ke gaba ya ce, "Malami da bisashen mutane? Ina za shi kai su?"

Numfashi ya hana ni magana. Abin da na iya fitarwa shi ne, "Toka, ban samu toka ba." Na miƙa jakar. Kafin ya karɓa wata jar akuya ta cusa kanta ciki har wuya. Sai wani daga baya ya fashe da dariya, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Dattijon kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Bara ta wagga hanya anka kore mamu shanu. Da gorar ga ta same ka, mi za mu hwaɗa ma iyalinka?"

Can sai ga mafarautana sun ɓullo, wanduna duk ƙarangiya. Awaki sun lashe sawun tas, shi ya sa mafarautan suka yi ta yawo a gindin tsamiya har suka gaji suka bi sawun kofato. Baba ya ji labari, ya cire hula ya ba mutanen haƙuri, ya sa aka matsa musu a benci aka haɗa musu shayi. Sannan na ɗan farfaɗo, na ce to ai dai na riga kowa isowa, ba a kama ni ba. Baba ya juya ga dattijon ya ce shi ne alƙali yau.

Dattijon ya kurɓi shayi ya dube ni sama da ƙasa. "Gudu kam ya yi shi, da wanga tumbi nai. Amma akuyata ta kama shi, kowa ya gani."

Haka na hau benci, aka kifa min malafa, na sha shayi ba sukari, ƙauye da birni suna min tafi. Ban taɓa shan shayi mai daɗinsa ba, don da kaina a jikina nake shan sa. Bayan nan muka kora dabbobin da ƙafa, muka mayar wa kowa nasa har ƙofar gida.

Abin da na koya shi ne, hanyar da muke bi don wasa hanyar rayuwar wasu ce, da dukiyarsu da tsoronsu a kanta, kuma duk abin da ka zubar a ƙasar mutane sai wani ya karanta shi. Kunyar roƙon toka ta kusa jawo min abin da ba a gyarawa. Tun daga ranar, duk Juma'a ni nake zuwa wajen mai ƙosai da buhu, in gaishe ta, in durƙusa in kwashe wa ƙungiya toka da hannuna, ɗalibaina suna kallo.