Hannun Gem Ɗin da Mahaifina Ya Zaɓa

Shekaranjiya na tsaya sayen cajar waya a bakin tashar Kazaure, sai na ji wata ƙara a bayana, ƙyas-ƙyas-ƙyas, irin ta madannin roba idan ana latsa shi da babban yatsa. Tun kafin in waiwaya na san ko mene ne. Wani mutum ne yake gwada hannun gem, abin nan mai madannai da doguwar waya da ake riƙewa a sarrafa wasa, na tsohuwar na'urar nan mai cin kaset da ake jona wa talabijin. Wai ya tono tasa a ɗakin shirgi zai tayar wa 'ya'yansa, shi ne ya zo sayen hannu. Na ga yana ɗaga abin yana auna nauyinsa. Ban san shi ba, bai kuma tambaye ni ba, amma sai da na sa baki. Na ce ya rabu da zancen nauyi, ya fara duba bakin wayar ya tabbatar irin na na'urarsa ne. Na ce ya kara shi a kunne ya latsa madannan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya nutse bai taso da wuri ba ya kusa mutuwa. Na ce ya lanƙwasa wayar a wuyanta, don a nan take fara tsinkewa ta ciki. In ya samu tsoho na asali, komai koɗewarsa, ya fi sabo mai ƙyalli. Ya yi godiya, ya tambaye ni ko gyara nake yi. Na ce a'a, na karɓi cajata na wuce. Kai dai da kake karantawa, in kana da haƙuri, bari ka ji inda na koyo.

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu, can wani ƙauyen Fulani a gefen Gwiwa, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya kallona ido da ido, ba ya aikena kai tsaye. In yana son in kawo buta, sai ya gaya wa wani ya gaya wa "wancan". In na durƙusa gaishe shi, garu yake amsa wa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka ake yi, har alfahari ake da mutumin da ya riƙe ta sosai. Ina da shekara shida aka kawo ni riƙo wurin Kawu, yayan mahaifiyata, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kazaure, a kan cewa idan na gama firamare zan koma gida. Wannan alkawari shi ne abin da na riƙe. Kada in ɗauki alhaki, ba a wulaƙanta ni a gidan Kawu ba, ana ba ni abinci, ana ɗinka mini kayan Salla tare da 'ya'yansa. Amma ni abin da nake so shi ne in riƙa bin bayan mahaifina zuwa garke da sassafe, ko da ba zai waiwayo ba. Shekarar da nake ba ka labari ina aji shida, saura 'yan watanni.

Kawu ne ya sayo gem ɗin daga Kano, saboda ɗansa, sa'ana kuma taubashina, wanda al'ada ta ba shi damar ya tsokane ni yadda ya ga dama, ya kuwa yi amfani da damar har ya wuce gona da iri. A bazara duwatsun Kazaure suna tara zafi su yi ta amayo shi har cikin ɗaka, ba mai iya wasa a waje. Da an kawo wuta bayan azahar sai ka ji yaran unguwa sun ɗauka da ihu, kowa ya nufo falon Kawu. Har yau ina jin ƙaurin robar na'urar idan ta ɗau zafi, da yadda muke hura iska a bakin kaset kafin ya yarda ya kama.

Da hannu biyu na'urar ta zo. Mai kyaun na ɗan Kawu ne, ba a ma tambaya. Nawa madannin tsallensa ya mace, sai na sa farce na danne shi kamar ina kashe ƙwarƙwata. Haka na koyi wasan, kuma a hakan ma nakan cinye shi wani lokaci. A ƙarshen damina wayar ta tsinke a wuya, nawa ya mutu gaba ɗaya. Sai aka koma layi a kan hannu ɗaya: ɗan gida, sai abokansa, sai ni a ƙarshe. Sau da yawa kafin a zo kaina an ɗauke wuta. Daga baya na daina shiga layin, na koma zama a bakin ƙofa ina kallo.

A nan mahaifina ya tarar da ni. Da kaka ne, ranar kasuwa, ya zo da buhun gyaɗa da ƙwaryar man shanu. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, kamar kullum. Amma na ji shi a tsakar gida yana tambayar matar Kawu dalilin da ya sa wancan yake zaune a ƙofa shi kaɗai, ita kuma ta yi masa bayani tana dariya, don a wurinta shirmen yara ne. Can an jima ya fito ya tsaya a zaure, ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya faɗa wa iska:

"A zo a raka ni kasuwa."

Na duba dama na duba hagu, babu kowa sai ni. Wallahi ban san lokacin da na sa takalmi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa tafiya daga ni sai shi ba. Yana gaba ina baya, ina kallon malfarsa da faso a dugadugansa, ina jin ƙamshin hayaƙin garke a rigarsa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiyar ba, kuma ba ta fi daga nan zuwa can ba.

Shagon na wani saurayi ne mai sayar da rediyo da batir da kaset-kaset. Mahaifina ya kwatanta masa abin da hannu, ya gane. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya zaro guda ɗaya, ruwan toka, tsoho, duk ya goge. Sannan ya sauko da wani daga rataye, baƙi sidik, sabo fil a cikin leda, madannai birjik. Ya tambayi wace irin na'ura ce a gidan. Mahaifina bai sani ba. Mai shagon ya dube ni. Ni kuwa na sani sarai. Kallo ɗaya na yi wa bakin wayoyin na gane tsohon ne namu, baƙin na wata sabuwar na'ura ce da ban taɓa gani ba sai a hoto. Na so in faɗa. To, amma ta yaya? Yaron da bai taɓa haɗa kalma uku da ubansa ba, yau ya buɗe baki a tsakiyar kasuwa, a gaban baƙo, ya ce masa ga abin da zai saya? Shi ma ta yaya zai juyo ya nemi shawarar ɗan fari? Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa, muka tsaya kamar baƙi biyu da motar haya ta haɗa.

Sai ya zaɓa da abin da ya sani. Ya ɗaga kowanne ya ji nauyinsa. Ya naɗe wayar a hannu biyu ya ja, yadda yake gwada igiyar ɗaure maruƙa. Ya ƙwanƙwasa jikin da farce. Tsohon ba shi da nauyi, ya ture shi gefe, ya ce wannan ya sha wuya, kuma ba zai shiga gidan surukai da kwancen wani ba. Mai shagon da ya kamata ya tsaya a kan tambayarsa, sai ya karkace ya ce ai Baba ya san kaya, wannan shi ne na zamani. Mahaifina kuwa, mutumin da zai yi rabin yini yana taya akuya, ranar ko tayawa bai yi ba. Ya biya, ya sa abin a cikin rigarsa, muka juyo. Duk hanya ina addu'ar Allah Ya sa idona ne ya yi ƙarya, ko kuwa mu tarar an ɗauke wuta.

Ba a ɗauke ba. Kawu ya dawo daga ofis, ya matsa sai mahaifina ya shigo falo. Ya shigo, ya ƙi kujera, ya zauna a bakin kafet. Ya zaro ledar ya ajiye a tsakiya, ya ce a ba yara. Ɗan Kawu ya yage ta, yaran unguwa suka yi caa a kansa. Ya kai bakin wayar jikin na'urar, ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya danna da ƙarfi har na'urar ta ja baya. Sai ya karkato wajena, wai raɗa yake yi, amma kowa ya ji:

"Ɗan Fulani, wannan a jikin saniya ake jona shi?"

Yara suka kwashe da dariya. Na ga bakin Kawu ma ya motsa kafin ya gimtse. Shekara shida ina kankare ƙauye daga bakina da tafiyata don a daina yi mini irin wannan dariyar, ga shi ta dawo sabuwa. Bakin da ya ƙi buɗewa a kasuwa sai ya buɗe da kansa, da ƙarfi:

"Ni ai na san ba zai shiga ba. Shi ne bai san komai ba."

Mahaifina ya ɗago kai ya dube ni. Ido cikin ido, karo na farko a rayuwata. Na daɗe ina roƙon Allah wannan kallon, ga yadda na same shi. Kawu ya daka mini tsawa ya miƙe zai mare ni, mahaifina ya ɗaga masa hannu.

"Ƙyale shi," in ji shi, a hankali. "Ashe ya sani."

Bai ci abincin da aka kawo masa ba. Bayan la'asar suka tsaya da Kawu a zaure, ni kuma ina bayan garu da butoci a hannu. Na ji mahaifina ya ce maganar komawar wancan a bar ta, ya zauna ya ci gaba da karatunsa, nan ne wurinsa. Kawu ya yi ta godiya, don dama abin da ya daɗe yana nema ke nan. Da ya shigo har albishir ya yi mini, yana jiran ya ga na yi tsalle.

Bayan kwana biyu ɗan Kawu ya kwance baƙin hannun da tsinin wuƙa. A ciki muka tarar da wani guntun ƙarfe an manne shi da gam, ba ya haɗe da komai, aikinsa kawai ya ƙara nauyi. Wani ne can a wata ƙasa ya zauna ya yi tunanin mutane irin mahaifina, ya sa musu ƙarfe. Daga baya Kawu ya samo mana wanda ya dace a Kano, tsoho, koɗaɗɗe. Ba zan yi maka ƙarya in ce na ƙi taɓa shi ba. Na buga, na ji daɗi, har na gagari yaran unguwar.

Na yi sakandare, na wuce gaba, yau ina da tebur a ofis, mutane suna cewa na yi sa'a. Ƙannena da suka tashi a gabansa sun san sunan kowace saniyarsa, sun san abin da yake ba shi dariya. Ni kuwa da Salla nake zuwa, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa wa garu, in kwana ɗaya in dawo. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, don ba ni da ƙofar da zan bi. Sau ɗaya na roƙi mahaifiyata ta isar mini, ta kawar da kai ta ce ba a tayar da irin wannan maganar. Yanzu dattawa suna ta kukan kunya ta ƙare, yara sun fetsare. Wataƙila suna da gaskiya a wani wurin, amma ni ba za a yi wannan kukan da ni ba. 'Yata ta fari sunanta nake kira gatsal a gaban kowa, gwaggonnina suna taɓe baki. In na rikice a kan waya takan fizge ta ce, Abba ba haka ake yi ba, in kuwa miƙa mata.

Mahaifina ya rasu da damina, shekarun baya. Muna zaune a tabarmar makoki ni da ƙannena, sai ga wani tsoho daga Roni, abokinsa na kasuwar shanu tun ƙuruciya. Ya bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya yana riƙe hannunsu, yana kiran kowa da sunansa, yana ba su haƙuri. Da ya zo kaina ya dubi shaddata da takalmina, ya tambayi daga ina baƙon yake. Na ce daga Kazaure. Ya girgiza hannuna, ya ce an gode ƙwarai da na yi tattaki tun daga can na zo taya yaran nan zaman makokin ubansu, Allah Ya ba da lada.

Na ce amin.