Yadda Aminina Mahauci Ya Baro Garinsu

Na yi shekaru ina tuƙa kamyo, babbar motar kaya, daga Gaya zuwa wata kasuwar ƙauye a Najeriya, can gaba da Kamba sosai. In kai albasa, in ɗauko gero da dawa. A kasuwar nan ina da amini, mahauci, ƙato mai faɗin ƙirji. A rumfarsa nake cin abinci, a zaurensa nake miƙe baya. Tun da aka fara jin ɓarnar ƴan bindiga a ƙauyukan gabas da su nake ce masa ya kwaso iyali ya zo Gaya.

"In zo in yi me?" ya kan ce. "Nan aka binne cibiyata. Kai dai ci namanka."

Ranar da abin ya faru, mun idar da azahar ke nan, ana ɗora mini buhuna. Sai muka ji rugugin motoci masu ƙafa biyu, da yawa, daga bakin fadama. Kafin a ce mene ne, harbi ya tashi. Mai atamfar da ke kusa da ni ya miƙe zai gudu, harsashi ya same shi a wuya, ya faɗi kan hajarsa. Na shige ƙarƙashin kamyo na kwanta, bakina cike da ƙasa.

Daga nan nake hangen rumfar mahauta. Mahaifiyar aminina, tsohuwa ce mai sayar da daddawa, tana zaune a gefen rumfar, ƙafafunta ba su iya gudu. Wani ɗan bindiga mai rawani ya tsaya a kanta yana yi mata tsawa. Ban ji abin da ta ce ba. Ya juya gindin bindiga ya buga mata a ka.

Aminina ya fito da wuƙar fawa a hannu. Ban taɓa ganin mutum mai nauyinsa ya yi irin wannan tsalle ba. Ya cim ma mai rawanin, suka zube tare, jini ya wanke su duka biyu. Wani ya harbi aminina a cinya. Wani kuma ya zo da adda ya sare masa hannun da ke riƙe da wuƙar, ya sake sara. Suka cinna wa rumfuna wuta, suka kora shanun kara gaba ɗaya, suka tafi suna harbi sama.

Da na fito, kasuwa ba ta ganuwa don hayaƙi. Muka ture buhuna ƙasa, muka jera masu rauni a bayan kamyo. Matar aminina ta taho a guje daga cikin gari, goye da jariri, sauran yaran na biye da ita. Ita ta kwance ɗankwali ta ɗaure masa dantse.

"Inna fa?" ya ce da ni. "Kada ka bar Inna."

Na riga na taɓa ta, na san ta cika. Amma na ɗauko ta, na kwantar da ita kusa da shi.

A asibitin babban gari aka ƙarasa cire hannun. A garin kuma muka binne tsohuwa, cikin mutanen da ba su san ta ba. Da aka sallame shi, na tambaye shi ina za mu nufa. Matarsa ce ta amsa.

"Yaya, kai mu Gaya. Wallahi ƴaƴana ba za su sake kwana a garin can ba."

Haka suka zo. Na ba su ɗaki a gidana har suka samu nasu. Mutanen garinsu kuwa sun watse, wasu sun gangara jihar Neja, wasu Birnin Kebbi, wasu sun haye gada zuwa Benin. Yanzu yana da tukubar tsire kusa da tasha, matarsa ta yanka a gida, shi ya gasa da hagu. Yaran suna lakwal, makarantar boko, har yaren Dendi ya kama bakinsu.

Bara, da la'asar sakaliya, ina zaune a bencinsa, salansar wani ɗan kabu-kabu ta yi ƙara kamar bindiga a bayanmu. Aminina ya ture tukubar, garwashi ya watse, ya shaƙo wuyan mutumin da hannunsa ɗaya ya kai shi ƙasa. Idon mutumin har ya fara juyewa. Da ƙyar muka ɓamɓare shi, ni da wasu direbobi. Ya zauna cikin toka yana haki, yana kallonmu kamar bai san mu ba.

Washegari ya sa na raka shi har gidan mutumin, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Mutumin ya ce ya yafe, muryarsa a dishe.