Kyamarar Ɗan Gwaggona

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba. In zai aike ni, bango yake duba ya ce, "A ce wa wancan ya kai taki gona," alhali ina durƙushe a gabansa. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi muka tarar, ban kuma taɓa kai ƙara ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗan gwaggona na Kibiya, abokin wasana. Da ya yi sallama a zaurenmu na Rano, ya ce "Kawu, ina gajiya," sai ka ji Baba yana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya.

Mai hoto ne, biki da suna duk shi ake kira. Wata shekara ya bi Baba gonarmu ta Lausu, ya ɗauke shi a tsakiyar dawa, hula ta karkace, baki buɗe yana dariya, idonsa cikin idon mai kallo. Aka wanke hoton, aka sa a firem, aka rataye a zaure. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Ni kuwa kullum na wuce sai na ɗaga kai, kullum kuma sai raina ya ɓaci. Shekarata talatin da wani abu a gidan nan, ban taɓa ganin wannan fuskar tana kallona ba. Kishi nake yi, wallahi, ba na ɓoyewa. Na ƙudura a raina ni ma sai na sami hoto irin wannan, wanda ni na ɗauka da hannuna.

Ana nan sai na ji zai sayar da tsohuwar kyamararsa, wai zai sayi injin ban ruwa. Ranar Asabar na hau babur na nufi Kibiya, ban gaya wa kowa ba.

Na same shi a ƙofar gida yana cin gyaɗa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai da ya kusa shaƙewa.

"Kai, Malam mai alli? Hoton allo za ka riƙa ɗauka, ko na 'yan ajinka masu majina?"

"Kai dai fito da kaya, bawan gidanmu. In ba ka sayarwa in tafi."

Ya fito da wata baƙar jaka da zif ɗinta ya mutu, an ɗaure ta da roba. Kyamarar ta sha hannu, robar jikinta ta ɗaye a inda babban yatsa yake zama. Idanu biyu gare ta, wato gilasan da ake murɗa mata a gaba: gajere na ɗaukar kusa, da wani dogo kamar taɓarya ƙarama, mai jawo na nesa. Ni da ban san kan abin ba, sai na hau ɗaga gilashin ina hange a rana, ina hura masa iska, ina ɗaure fuska irin ta masana. Ya zuba mini ido yana murmushi. Shi da kansa ya nuna mini ɗan karce a gefen dogon, ya ce batirin ba ya daɗewa, in sayi wani. Ko wannan gaskiyar tasa haushi ta ba ni, na so a ce na kama shi da ha'inci. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, har ya haɗa mini da caja da memorin adana hotuna.

Na rataya jaka zan tafi, sai ya ce, "Na san Kawu za ka fara ɗauka. Kada ka ce masa ya tsaya, ba ya so. Ja shi da hira kawai, ka tsokane shi da zancen bijimin da ya taɓa kora shi kan bishiya."

Ban ma san bijimi ya taɓa korar Baba ba. Tun daga Kibiya har Rano wannan maganar ce take cina.

Sati biyu na yi ina koyo. Na ɗauki awakin Inna, na ɗauki rumbu, na ɗauki ƙannena har suka fara guduna. Da na ga hannuna ya faɗa, na roƙi Inna ta nema mini izinin ɗaukar Baba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya zauna a kan buzu da farar rigarsa. Na durƙusa, na saita. Ya kafa wa ƙofar zaure ido. Na matsa wajen ƙofar, ya mai da ido kan carbinsa. Zancen bijimin ya zo mini har baki, amma ina! Ta ina zan fara tsokanar Baba? Na danna ya fi sau ashirin, duk fuska ɗaya ce, a tamke, tana kallon wani wuri. Daga ƙarshe ya ce wa bango, "In an gama, ina da baƙi."

Na shiga ɗaki na zauna da kyamara a cinya. Ita ce dai, gilashin ma shi ne, ba abin da aka rage mini.

Lokacin cirar gyaɗa ɗan gwaggon nawa ya zo taya mu aiki a Lausu. Da rana ta take, shi da Baba suka zauna a inuwar ɗorawa suna shan fura. Ni ina can ƙarshen gona. Na murɗa dogon gilashin, na laɓe bayan tarin harawa kamar ɓarawon kaji. Sai ga Baba dab da ni a cikin gilashi, har furfurar gemunsa ina ƙirgawa. Ban ji abin da aka faɗa masa ba, na dai ga ya jefa kai baya yana dariya, ludayi a hannu, fura tana zuba a kan rigarsa. Na danna. Hoton ya fito tas.

A shagon wankin hoto na sa aka yanke ɗan gwaggona daga gefe, ko kafaɗarsa ban bari ba. Mai shagon ya ce hoton ya fi ƙarfin ɗan koyo. Na ji daɗi, sai dai ko shi ya tambaye ni wa tsohon yake kallo haka.

Na jira ranar da abokin wasan nawa yake zaure, da gangan, don ya gani da idonsa. Na miƙa hoton da hannu biyu, na koma bakin ƙofa na tsuguna. Baba ya karɓa, ya nisanta shi da fuskarsa, ya kawo shi kusa. Ya daɗe yana kallo, har ya sa babban yatsa ya shafa wurin da furar ta zuba. Ba na neman ya kira sunana, na san ba zai yi ba. Ya ɗago ido sau ɗaya kawai ya dube ni, ya ishe ni.

Ya ɗago kuwa, amma wajen ɗan ƙanwarsa ya juya, fuska a sake.

"Kai, ja'iri," ya ce, "wannan kyamarar taka akwai kyau. Ashe har a hannun wani ma tana aiki."

Ɗan gwaggona bai yi dariya ba, karo na farko tun da na san shi. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ni kuma na ce, "Na gode, Baba," na tashi na fita.